Faifan da Ban Rufa Ba

Na haife shi a shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ana ta shela a kasuwa kowa ya duba kafin ya tsallaka titi. Yana rarrafe aka karɓe fam da sule aka kawo naira. Haƙoransa na nono suna zuba aka ɗauke sunan garinmu aka kai wa sabon birni, mu aka ce mu zama Suleja. Da irin waɗannan nake lissafin shekaru, don ban shiga aji ba, wannan ma baki nake bayarwa ana rubutawa. Amma a je unguwar Magajiya a tambaya. Ba a taɓa kama ni da mantuwa ba, kuma in na buɗe baki da labari, mai tuya sai ta bar ƙosanta ya ƙone.

Shi ne ɗana na fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani kafin su san nauyin wannan. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma macen da ta fi riƙe ta ita ake nunawa da yatsa a ce ga 'yar mutunci. Ni kuwa an nuna ni.

Da aka yaye shi, yayar mijina ta ɗauke shi. Allah bai ba ta haihuwa ba, aurenta ya mutu, ta dawo gidan ubanta ta zauna a ɗakin da ke kallon nawa. Ni ina ce mata Yaya, shi yana ce mata Goggo. Ni kam bai taɓa samun abin da zai kira ni da shi ba. In ya shigo ya same ni ni kaɗai a tsakar gida, sai ya dubi ƙasa ya ce, “Sannunku da gida,” kamar mu goma ne a wurin.

Zane ya fara da gawayi. Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da ke zuwa mana, tana ɗan ɗingishi, ƙwaryarta kullum a karkace. Wata rana muka tarar da ita a jikin bangon kicin, da ɗingishin, da karkatar ƙwaryar, har da yadda take riƙe ludayi kamar za ta doki wani da shi. Kowa ya gani sai ya kira sunanta. Ubansa ya zane shi da tsumagiya, ya ce ba a gidansa za a riƙa zana mai rai ba. Ni na shige ɗaki na ciji bakin zanena don kada wani abu ya fito daga bakina. Yaya ta biyo ni ta ce, “Ki yi ta ɓoyewa. Hannun wa ya ɗauko, in ba na mai lalle ba?” Don a lokacin ni nake yi wa amaren unguwa lalle, ni nake yi musu jeren kwanuka, kuma ɗakin da na jera ba a sake taɓa shi.

Da ya gama firamare ubansa ya gaji da dukansa, ya sa masa ido. Ya tafi Diko wurin masu fentin manyan motoci. Can kowa zaki yake zanawa a bayan mota, ko gaggafa, da rubutu a ƙasa. Shi sai ya zauna da direba su sha shayi, ya tambaye shi garinsu, da abin da yake fara hangowa in ya kusa gida. Sai ka ga mota ta wuce da wata tsamiya da rijiya a bayanta, mutanen garin direban suna ɗaga mata hannu tun daga nesa.

Yadda na shiga aikinsa kuwa, ba shiri aka yi ba. Wani tela ya ba shi aikin allon shago. Ya gama ya jingina shi a tsakar gida yana shan iska, shi kuma ya tsuguna bakin rariya yana wanke burushi. Na fito da faifai a hannu zan tsince wake, na dubi allon, na ce, “Yaya, sabon mahauci aka samu a unguwa?”

Ta ce, “Wane irin mahauci? Ba ki ga rubutu ba?”

Na ce, “Ke kin gani? Karanta mini.”

Ta ce, “To ai tela ne, na ji ana faɗa.”

Na ce, “Tela da wannan almakashi kamar zai feɗe sa? Ga jan ƙyalle yana zuba daga tebur kamar jini. Ni dai ba zan kai masa atamfata ba.”

Yaya ta yi dariya har da tari. Shi bai ɗago ba. Washegari na ga allon fari fat, ya kankare komai. Da ya sake, ya zana hannu yana riƙe da wuyan riga, allura tana shiga, zare yana bin ta. Ya jingina a wuri ɗaya ya koma bakin rariya, alhali babu burushin da zai wanke. Na ce, “Yaya, wannan telan ya san wuyan riga.” Shi ke nan. Daga ranar hanya ta buɗe.

Ga yadda muke yi. In ya gama zane, kafin ya sa masa ko harafi ɗaya, sai ya kawo bayan la'asar ya ajiye a kan tabarmata, ya koma ƙofar zaure ya tsaya. Ba ya faɗin na mene ne, ba ya faɗin na wane ne, don da ya faɗa an ɓata gwajin. Ni in duba, in faɗa wa Yaya abin da idona ya gani. In abin da na faɗa shi ne abin da ya nufa, aiki ya yi. In ba shi ba ne, sai ya yaga. Yaya ce ta gaya mini abin da yake ce wa masu ba shi aiki in sun matsa masa: “In tsohuwar gidanmu ba ta gane ba, ban gama ba.” Na ce mata, “Wace tsohuwar? Ke dai yake nufi.”

Da kwamfuta ta zo, masu burushi da yawa suka zauna. Shi ya tafi Abuja wani gidan buga takardu ya koya, yana fita da sassafe da motocin ma'aikata, yana dawowa ana kiran magariba. Bai daɗe can ba sosai. Su suna son rubutu manya-manya da Turanci, da hoton wasu mutane masu haƙora fari da ba wanda ya taɓa ganin irinsu a kasuwarmu. Shi kuma sai ya naɗe aikin ya kawo gida Suleja a duba, aikin yini ya koma na mako. Suka rabu ba faɗa. Ya dawo da kwamfutarsa ya kama ɗan shago kusa da kasuwa.

A shagon nan ne ya zama abin da ya zama. Na taɓa wucewa ta ƙofar, ban shiga ba, amma na ga abin da na gani. Wasu masu kwamfuta kala a cikin na'ura suke ɗebowa. Shi sai ya jiƙa lalle, ya jiƙa baban rini, ya kwaɓa jar ƙasa, ya shafa a takarda, ya shanya a igiya kamar wanki, ya yayyage da hannu, ya jera, sannan ya ɗauki hoto ya shigar. Fuskokin da yake zanawa duk na nan ne, mai doya, mai gawayi, 'yan dako. Kowa a garin nan in zai yi allo sai ya ce a sa masa dutsen Zuma. Shi ya ce ba ya sawa, wai mai sayen man gyaɗa ba dutse ya zo saye ba. Yaran da suka yi makaranta suna ce masa mai zanen jahilai. Da Yaya ta kawo mini wannan maganar na ce, “Su jahilan ai su ne kasuwar.”

Ya yi wa masu yaji, ya yi wa masu sabulun salo, ya yi wa masu niƙa. Ya yi wa wani ƙaramin asibiti wajen Garam zanen bango, matan ƙauye suna shiga su san ƙofar awo da ƙofar allura ba su tambayi kowa ba. Duk waɗannan sun bi ta kan tabarmata. Wani na ce, “Yaya, matar nan hatsi take zubawa a bakin kura?” Ya yaga, ashe injin niƙa ne. Wani na ce, “Yaya, yau na ji ƙamshin daddawa da ido.” Yaya ta ɗaga murya ta ce, “Kai na ƙofar zaure, ka ji?” Ya ce, “Na ji, Goggo.” Shekara da shekaru, wannan ce hirar da ke tsakanina da abin da na haifa. Ba mu da wata, kuma ta ishe mu.

Yaya ta rasu a shekarar da aka kulle gari saboda annoba. Ba annobar ce ta ɗauke ta ba, tsufa ne da ciwon ƙirji. Bayan an share makoki ya kawo zane ya ajiye ya koma ƙofar zaure kamar kullum. Na duba, na buɗe baki, na waiwaya ɗakin da ke kallon nawa. Labule a sake, ba kowa.

Mun gwada da matarsa. Yarinya ce mai ladabi, ladabin ne ma ya hana. In na ce, “Wannan akuyar kamar kare,” sai ta sunkuyar da kai ta je ta ce masa, “Ta ce Allah ya sa albarka.” Ga kunyata, ga kunyar mijinta, ta rasa wadda za ta taka. Ni ma bakina ba ya sakuwa in yi maganarsa a gaban suruka. Sai muka koma wata dabara, ba tare da mun zauna mun shirya ba. In na gane zanen, sai in bar shi a buɗe in ci gaba da abin da nake yi. In ban gane ba, sai in ɗauki faifai in rufe shi. Na rufe da yawa, na bar da yawa, aiki yana tafiya. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa faifai abu ɗaya kawai ya iya faɗa. Ya iya cewa ban gane ba. Bai iya faɗin me na gane ba.

A bayan gidanmu akwai wata 'yar kudu da ke haya, Kirista ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara. Kowa Madam yake ce mata, ita kuma tana ce mini Mama. Tana haɗa garin kunun yara da gero da waken suya da gyaɗa, kuma garinta na gaskiya ne, na ga yaran da ya tayar. A farar leda take ƙullawa. Ashe ta ƙudura za ta yi leda mai zane irin ta kamfani, har ta sayar da firjinta da kekenta na ɗinki don wannan, ta kai wa yaron gidanmu aikin. Ni duk ban sani ba. Ai ba a gaya mini.

Ran nan bayan la'asar ina tsince shinkafa ya ajiye takarda a gabana ya koma wurinsa. Na duba.

Jariri ne, kwance a tabarma, a kan ɓarinsa na dama. An naɗe shi da farin ƙyalle tun daga ƙafa har wuya, fuska kaɗai a waje. Ido a rufe, fuskar nan lumui, babu damuwa a cikinta ko ta ƙwayar gero. Babu uwa kusa, babu kowa. A gefensa ɗan ƙaramin kwano a kife, da cokali a kai.

Bayan ɗan farina na haifi wata yarinya, ƙyanda ta ɗauke ta tana fara tafiya. Maza a rufe suke karɓar gawar yaro. Mu mata mu muke ganin fuskar kafin a ja ƙyallen, kuma haka take, lumui, kamar wanda aka gama yi wa komai. Da aka fita da ita na ɗauki ɗan kwanonta na kife a ƙarƙashin gado, kamar yadda na ga uwata ta yi, kamar yadda matan da na sani suke yi, don kada ido ya faɗa cikinsa ya ga ba kowa. Wannan ba abin da ake faɗa wa maza ba ne. Ba ɓoyewa ake yi ba, ba su dai taɓa tambaya ba.

Na gane zanen sarai. A daminar nan ya yi wa mutanen asibiti zanen rigakafi, sai na ce a raina sun sake ba shi aiki, a nuna wa iyaye mata abin da sakaci ke jawowa. Na ce lallai wannan ba macen da za ta gani ba ta ruga da ɗanta ba. Faifai yana kan cinyata da shinkafa a ciki, ban taɓa tunanin juye shi ba. Me zan rufe? Ban taɓa ganin zanen da ya faɗi maganarsa kamar wannan ba. Ban san hawaye ya zubo ba sai da na ga ya ɗiga a shinkafar.

Ya gani daga ƙofar zaure. Tunda aka haife shi bai taɓa ganin wani abu a fuskata saboda shi ba. Ya zo ya durƙusa ya ɗauki takardar da hannu biyu, kamar mai ɗaukar ƙwai. Daga baya matarsa ta gaya mini ranar ya sayo wa gida duka tsire, ya ce mata, “Yau na gama koyon aiki.” Ta ce zane biyu ya yi, ɗaya da hannun uwa a bayan yaron, ya cire hannun don wai ya cika wurin. Ransa bai kwanta da cirewar ba, shi ya sa ya tsaya yana kallon fuskata.

Aka ɗauki lokaci, har na manta. Wata safiya Madam ta shigo da rawarta, tana riƙe da leda mai sheƙi. Ta ce, “Mama, ka gani! Kaya ya iso, kwali-kwali, ɗakina ba wurin taka ƙafa. Na ce Mama ne zai fara samu.”

Na karɓa. Ga yaron nan a naɗe, ga kwano a kife, ga rubutu ja a sama. Na matsa ledar na ji gari a ciki.

Na ce, “Madam, mene ne a ciki?”

Ta ce, “Garina mana! Kunun pikin, na yara.”

Na ce, “To wa ya mutu?”

Ta ja baya ta ce, “Mama, wane irin magana da safe? Ba wanda ya mutu. Ya sha kunu ya ƙoshi, ya cinye duka har ya kife kwano, an yi masa wanka an naɗe shi da tawul, yana barci. Duba kumatu!”

Na zaunar da ita na faɗa mata abin da kowace mace daga nan har Diko za ta gani. Na ce kada ta fitar da ko ɗaya. Ta dubi ledar, ta dube ni, dariyar ta bar fuskarta a hankali. Ta ce, “Mama, duk abin da nake da shi yana cikin kwalayen nan. Jiya ma yarana sun kai wasu kasuwar Diko, wasu sun tafi Garam. Kuma ɗanka ya ce ke ka yarda. Ya ce har kuka ka yi.”

Na iya magana, kowa ya sani. Na sasanta aure da bakin nan, na kwantar da rigimar gado. Ranar na nemi kalma ɗaya da zan ba matar nan na rasa.

Da azahar ya shigo gida, ya ce sannunku, ya ɗauki buta ya tsuguna bakin rariya zai yi alwala. Matarsa ta tafi unguwa. Daga ni sai shi. Na tashi na je ƙofar ɗakin Yaya na tsaya. Ɗakin ya zama na ajiyar buhuna da tsofaffin tukwane. Na kama labulen na ce da ƙarfi, yadda na saba, “Yaya, yaron nan na jikin ledar Madam, ni gawa na gani.”

Na ji ƙarar ruwan buta ta tsaya.

Sai na ji muryarsa a bayana, shi ma ɗakin yake fuskanta. Ya ce, “Goggo, ai ba ta rufe ba.”

Na ce, “Yaya, ba a rufe abin da aka gane. Na ɗauka na asibiti ne.”

Ya ce, “Goggo, ai ta yi kuka.”

Wannan ita ce wadda na so a ce ƙasa ta haɗiye ni kafin in amsa. Amma ban taɓa yi masa ƙarya a kan zane ba, ba kuma a ranar zan fara ba. Na ce, “Yaya, ki ce masa kukan wadda na binne na yi.”

Ya ƙarasa alwalarsa a tsanake, ya ajiye butar a inda take zama, ya fita masallaci. Ni na tsaya riƙe da labule har hannuna ya yi tsami.

Ya yi ƙoƙari, ba zan hana shi wannan ba. Ya buga 'yan ƙananan takardu masu gam da hannun uwa a jiki, shi da Madam da yaranta suka zauna suna mannawa a kan kowace leda, hannun ya sauka a bayan jaririn, ya rufe kwanon. Da haka aka fara fitar da shi, da ba wanda zai ce komai. Amma na farkon sun riga sun isa kasuwa, kuma magana zarar bunu ce. Matan Diko suka sa masa suna garin likkafani. Mai ciki in ta hango shi a tebur sai ta kauce ta tofa a ƙirjinta. Masu shago suka dawo da shi. Har waɗanda suka saba saye a farar leda suka daina, wai ashe abin da matar ke nufi da 'ya'yan mutane ke nan. Na bi gidajen da nake da faɗa a ji, ina cewa garin nan lafiyarsa lau, zane ne aka yi kuskure. Sai a ce mini, “To wa ya yi zanen, Hajiya?” Ba ni da bakin kare shi a gaban mutane, ba ni da bakin kushe shi.

Kafin canjin kuɗin nan da ya tara mutane a bakin banki, Madam ta kwashe kayanta ta koma wurin danginta. Ta shigo ta yi mini sallama, ta durƙusa, ta ce, “Mama, ba laifin kowa.” Na ba ta turmin atamfa. Na san ba ya mayar da firji.

Shi kuwa 'yan kasuwa suka samu abin tsokana. In ya kai aiki sai a ce, “Ka kai wa tsohuwa ta duba? Ta yi kuka ko ta yi dariya?” Ba wannan ne ya karya shi ba, ya saba da bakin mutane tun yana mai zanen jahilai. Abin da ya karya shi ni na san shi, don a gabana ya faɗi, a ƙofar ɗakin da babu kowa.

Bai sake kawo zane ba. Bai yi fushi ba, bai rage komai ba. Cefane yana zuwa, maganin ƙafata yana zuwa, yana shigowa ya ce sannunku da gida. Shagon ma yana nan, an ce ya fi da samun aiki. Yanzu abin da aka ce ya yi shi yake yi. Fuskar ɗan takara ƙatuwa, rubutu manya-manya, katin biki mai furanni, har dutsen Zuma na gani a allon wani mai sayar da taya, aka ce aikinsa ne. Igiyar da yake shanya takardun lalle da baba, matarsa ta kwance ta kawo gida muna shanya kaya.

Ba zan ce tarbiyyarmu ce ta yi laifi ba. Da ita aka rene ni, da ita na ga mutunci, kuma da za a sake dawo da ni yarinya ban san wata hanyar zama uwa ba. Idona ma bai yi ƙarya ba, abin da na gani shi matan Diko suka gani. Sai dai akwai maganar da ta rage a cikina. Zanen nan, ko da ya faɗi abin da ba a aike shi ba, ban taɓa ganin hannun ɗan Adam ya yi kamarsa ba. Ya ɗauko fuskar da na rufe tun kafin ya yi wayo ya ajiye mini a kan tabarma. Wannan nake so ya sani, kuma yabo ne, yabo kuwa ba shi da hanya daga bakina zuwa kunnensa. Na sake zuwa ƙofar ɗakin Yaya sau da dama in ya shigo. Da ya ga na nufi labulen sai ya tuna yana da abin yi a waje.

Har yanzu bayan la'asar ina shimfiɗa tabarma a wurin, da faifai a cinya, ko babu abin tsincewa.

Mutanen wancan lokaci sun ƙare. Ubansa ya tafi tun kafin kwamfuta ta zo. Telan nan ya tafi, shagonsa ya zama na masu cajin waya, allon an yi murfin kaji da shi. Bafulatana mai ɗingishi ta daɗe da tafiya, bangon kicin ɗin ma an rushe an yi na bulo. Yaya ta tafi da hirarmu a bakinta. Madam tana nan da rai, an ce tana ƙulla garinta a farar leda a garinsu. Matarsa tana nan da ladabinta. Shi yana nan, gemunsa ya yi fari, ya fara sa tabarau. Sai ni.